Abin da Kalmar "Caution" Ke Nufi a Jikin Inji, Kwalba da Takarda

A aji ana koya mana cewa caution na nufin hattara ko taka-tsantsan, kuma haka ne. Sai an fara aiki da injuna, maganin feshi ko takardun hukuma ake gane cewa kalmar tana da wani aikin da ƙamus bai cika faɗa ba. A wurin aiki mataki ce a cikin jerin gargaɗi, kuma nauyinta ya dogara da jerin da aka sa ta a ciki.

A jikin injuna da yawa ana bin tsarin Amurka mai suna ANSI Z535. DANGER a kan jan fenti na nufin idan ba a kauce wa abin ba, mutuwa ko mummunan rauni zai auku. WARNING a kan ruwan lemo na nufin hakan na iya aukuwa. CAUTION a kan ruwan ɗorawa na nufin ƙaramin rauni ko matsakaici: ƙuna, yanka, zamewa. Akwai kuma NOTICE mai shuɗi, wanda ba ya maganar jikin mutum, lalacewar kaya yake nufi. Janareta guda na iya ɗauke da biyu daga ciki. Kusa da salansa za a ga CAUTION saboda zafin ƙarfe, a gefe kuma DANGER game da hayaƙi, wanda tun 2007 hukumomin Amurka suka wajabta liƙa shi a kan ƙananan janaretoci. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari ko launi, tana iya kashe mutanen ɗaki cikin mintoci. Wanda ya fassara duka biyun da "a yi hankali" ya daidaita ƙunar yatsa da mutuwar iyali, shi ya sa za ka ga mutum yana kaffa-kaffa da salansa amma ya shigo da janareta zaure saboda ɓarayi.

Ba kowane kamfani ke bin wannan jerin ba. A littafin wata motar CAUTION na nufin rauni ga mutum, a littafin wani babur kuma lalacewar inji kawai. A shafukan farko kamfanin ke bayyana abin da yake nufi da kowace kalma, kuma su ne shafukan da aka fi tsallakewa.

A maganin ƙwari ne kuskuren ya fi tsada. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta kasa magunguna aji huɗu bisa ƙarfin guba. Ana auna shi da adadin da ke kashe rabin dabbobin gwaji: idan bai wuce miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin jiki ba, aji na ɗaya ne, DANGER. Daga 50 zuwa 500, WARNING. Daga 500 zuwa 5,000, aji na uku ne, CAUTION. A ma'aunin gida, maganin da ke aji na uku na iya kashe babban mutum idan ya sha daga kamar cokalin cin abinci biyu zuwa kusan rabin lita. To amma lissafin da kilo ake yi. Yaro mai kilo 10 kashi ɗaya bisa bakwai na abin da zai kayar da mai kilo 70 ya ishe shi. Da zarar an juye ragowar magani a robar lemo an ajiye a ɗaki, sauƙin da kalmar ke nunawa ya ƙare.

Kalmar kuma gubar nan take kaɗai take aunawa. Ba ta cewa komai game da wanda ke feshi kowace damina ba safar hannu ba takunkumi, ba ta maganar kifi ko ƙudan zuma, ba ta faɗin kwana nawa za a jira kafin a girbe tumatir. Waɗannan suna cikin ƙananan rubutun da ke ƙasa, kuma can amfanin takardar yake.

Sai rikicin launi. A tsarin da hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yaɗa, ana zagaye ƙasan kwalba da zanen launi: ja ga mafi guba, ruwan ɗorawa ga mai cutarwa, sannan shuɗi da kore, kuma a kan waɗannan biyun na ƙarshe ake rubuta Caution. Wato ruwan ɗorawa a jikin inji matakin ƙasa ne, a jikin kwalbar feshi kuwa shi ke bin ja. Mai shagon da ya ce wa manomi "ai mai ɗorawa ne, ba shi da ƙarfi" ya karanta kwalba da idon makaniki. Sabon tsarin duniya na lakabin sinadarai, GHS, wanda aka fara bugawa a 2003, kalmomi biyu kawai ya amince da su, Danger da Warning. Rashin ganin Caution a kan sabuwar jarka ba shaidar cewa ba guba ba ne.

A takardar da ke cikin kwalin magani na asibiti, use with caution da contraindicated ba ɗaya ba ne. Na biyun haramci ne: mai gyambon ciki da ke damunsa yanzu ba a ba shi ibuprofen. Na farkon na nufin ana iya bayarwa, amma sai likita ya auna, wataƙila ya rage adadi ko ya sa ido, kamar yadda ake yi da wannan maganin ga mai asma, domin yana tayar wa wasunsu da ciwon. Umarnin ga mai rubuta magani aka yi shi. Mara lafiya bai kamata ya ɗauke shi a matsayin izinin sha "a hankali" ba.

A ofishin 'yan sanda kalmar tana da nauyin shari'a. A saman takardar jawabi akwai kalmomin gargaɗi da ke shaida wa wanda ake zargi cewa ba dole ne ya ce komai ba, amma duk abin da ya faɗa za a rubuta, kuma ana iya kai shi kotu a matsayin shaida. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya ya ba shi 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya, dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta ce idan ba ya jin Turanci a samo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta. Tafintan da ya taƙaita wannan da "an ce ka yi hankali" ya cinye wa mutum haƙƙinsa. A filin ƙwallo ma sunan katin ɗorawa a dokokin wasa caution ne, gargaɗin da ake rubutawa, biyu su zama kora.

Direbobinmu sun mayar da ita sunan kaya: si-koshin, jan abin nan na ƙarfe ko roba mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Dokar hanya ta Ingila ta ce a ajiye shi aƙalla mita 45 bayan motar da ta lalace. A wajenmu kuwa sau da yawa a gindin bamba ake dasa shi, inda mai tahowa ba zai gan shi ba sai birki ya daina amfani.

Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi ya kula da wani abu: a Faransanci caution kuɗin ajiya ne ko lamuni, irin wanda ake bai wa mai gida kafin a shiga haya. Caution fee na makarantu da gidajen haya a Najeriya ma haka yake, ajiya ce da ake mayarwa idan ba a ɓata komai ba, don haka a sa a rubuta sharuɗɗan mayar da shi a jikin rasit.

Ga mai rubuta rahoto, caution suna ne, cautious siffa, precaution kuma shi ne matakin da aka ɗauka tun kafin abu ya faru. Ana cewa be cautious ko proceed with caution, ba be caution ba. Kuma idan aka rubuta cewa an yi wa ma'aikaci caution, ba a yaba masa da natsuwa ba ne, an ja masa kunne ne a hukumance, kuma takardar tana shiga fayil ɗinsa.