Laraba, Rayfield

Sanyin Jos bai yi mana da sauƙi yau ba. Yaran sai hura hannu suke yi, Baba birkila kuwa ya naɗe kai da rawani har kunne.

Aikin fitar da harsashin gidan Alhaji ne. Na kafa na'urar awo a kan bikon safiyo (dutsen alamar iyakar fili) na kusurwar gabas, na daidaita ta, na ɗauki bikon na biyu don ta san inda ta fuskanta. Yaro ya riƙe sandar madubin da ke mayar wa na'urar da haskenta, yana matsawa dama da hagu yadda nake ce masa, ana buga turaku. Kafin azahar an gama kusurwoyi da mazaunin ginshiƙai duka. Sai na kunna leza mai juyawa, aka shata tsayi ɗaya a kan katakan gefe. Jan haskenta ba ya ganuwa a rana, sai dai ka bi ƙarar na'urar da ke jikin sanda.

To, nan fa Alhaji ya iso. Ya duba agogo, ya dube ni.

"Injiniya, har an gama?"

"An gama, ranka ya daɗe."

"Ashe abin ba wuya. Wannan kuɗin da ka yanka mini, na danna maɓalli ne kawai? Lokacin da na gina gidan Bukuru, kwana uku aka yi ana jan igiya, kuma ban biya rabin wannan ba."

Dariya na yi, don ba a musu da mai gida a gaban leburori. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yanzu. Wato saurin aikin ne ya rage masa daraja. Da na bar shi ya ga mutane suna ta fama da tef da igiya, suna awon 3-4-5 don kowace kusurwa ta fita daidai, suna cika tiyo da ruwa don neman lebur, da ya biya da murna, har da na goro.

Abin da bai gani ba yana da yawa. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskarta ba ta da nauyi kamar ta Legas. Ita na'urar awon, da haske take auna nisa, saboda haka in ba ka shigar mata da zafin wurin da nauyin iska ba, sai ta yi kuskuren kusan milimita 4 a kowace mita 100. Madubin ma da lissafinsa: wani sifili ne, wani a cire milimita 30. Ka haɗa ba daidai ba, santimita 3 ta tafi a kowane turke, ba kuma za a gane ba sai ranar da ƙarfen bene ya ƙi zama a kan ginshiƙi. Ranar ba wanda zai tuna da maɓalli, sunana za a kira.

Baba dai bai ce uffan ba. Bayan tafiyar Alhaji ya ɗauko tef ya ja daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ja ɗaya ɓangaren, ya gyaɗa kai, ya tafi alwala.

Masa da miyar taushe a Terminus. Cunkoso a hanya.

Maman yara ta ce in rage wa Alhaji wani abu, zaman lafiya ya fi. Ban amsa ba tukuna. Kuɗin hayar na'urar ma gobe zan kai, shi kuma mai ita ba ya ragi.