Laraba a ɗakin labarai: kwalbati ya zo na shida

Ruwan da aka kwana ana tafkawa bai tsagaita ba sai bayan asuba. Na isa tashar talabijin ɗinmu ta jiha tara saura kwata, ƙafar wando jage-jage da taɓo, na tarar har an jera kujeru don taron safe. Kullum haka muke farawa: Yallaɓai shugaban sashen labarai a gaba da tarin takardun gayyata, mu kuma mun kewaye shi kamar masu jiran rabon gado. Gadon dai bai taka kara ya karya ba. Mota ɗaya ce mai lafiya, kyamara uku. Ɗaya ta tare a gidan gwamnati, ba ta dawowa sai da yamma, ɗaya kuma batirinta ba ya kai rabin awa.

Ayyukan yau: wata ƙungiyar 'yan kasuwa za ta kai wa mai girma gwamna ziyarar ban girma, kwamishina zai buɗe taron ƙara wa juna sani, wata ma'aikata kuma za ta ƙaddamar da rabon takin zamani. Taki a watan Agusta, bayan gero ya kusa fitar da kai! Na dai yi shiru. Kyamara uku, aiki uku, magana ta ƙare.

Har an fara miƙewa sai yarinyar nan da aka turo mana koyon aiki daga kwalejin kimiyya da fasaha ta ɗaga hannu a ɗarare.

"Yallaɓai, kwalbatin unguwarmu ya rufta cikin dare. Yara a kan katako suke tsallakawa zuwa makaranta, masu a-daidaita-sahu ma sun daina shiga."

"Allah ya kyauta. Babu kyamara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ta ta ɗauko da waya, ni zan gyara." Ya ɗaga kafaɗa, wanda a wurinsa izini ne. Na ja ta gefe na yi mata karatun minti biyu: ki riƙe wayar a kwance, kowane hoto ki tsaya cak ki ƙirga goma a zuci, kada ki yi ta jawo hoto kusa da nesa kamar mai ɗaukar biki, in za ki yi hira da mutum ki matsa har ki ji numfashinsa, don iska tana cinye murya. Na ba ta kuɗin mota daga aljihuna.

Wajen sha ɗaya Baba ya shigo. Duk tashar Baba muke ce masa. Tsohon mai ɗaukar hoto ne, ya yi ritaya tun ina firamare, amma har yau in ya shigo ɗakin tace hotuna sai yaran sun miƙe. Ya zo da wani kaset ƙato a cikin leda, irin na U-matic, wai hawan sallar wata shekara ne da ya ɗauka da hannunsa, jikokinsa suna son su gani. Muka shiga ma'ajiyar kaset tare. Ban so shiga ba, don na san abin da ke ciki: warin sanyi, ƙura, kaset a kan kaset har rufi, U-matic da Betacam da VHS, wasu takardar jikinsu ta goge, wasu farin rima ya kama zaren. Injin da ke karanta irin nasa yana can a lungu an rufe shi da tsohon labule. Injiniya ya ce shekara da shekaru rabon da ya juya.

Baba bai yi faɗa ba. Ya nemi kujera, na aika aka sayo masa shayi da burodi, ya shiga ba ni labari, ni kuma aikin fassara na jirana amma na kasa tashi.

A Kaduna ya koyi aiki, lokacin da fim ake ɗauka. Ya ce gwangwani ɗaya na fim mai faɗin milimita 16 ƙafa 100 ne, bai cika minti uku ba, kyamarar kuma waninta ake yi kamar agogon bango. In ka ɓata gwangwaninka a kan jawabin maraba, to ran da babban baƙo ya miƙe sai dai ka kalle shi da ido. Ka dawo kuma a wanke fim ɗin, a shanya, a yanka da reza a liƙa, kafin a haska. "Ɗana, mu kafin mu danna sai mun yi tunani. Ku sai kun danna kuke tunani." Na yi dariya, don ya faɗi gaskiya. Yaranmu sukan dawo da hoton awa guda, a rasa daƙiƙa arba'in mai kyau a ciki.

Daga nan muka gangara tarihi, ni ina kawo abin da na karanta, shi yana kawo abin da ya gani. Talabijin a Najeriya a Ibadan ta fara, ranar 31 ga Oktoba 1959, gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ce ta kafa ta. Kuma da fushi aka haife ta. A 1953, bayan hatsaniyar majalisa kan ƙudurin neman mulkin kai da Anthony Enahoro ya gabatar, Gwamna Macpherson na Turawan mulkin mallaka ya shiga rediyo ya soki jam'iyyar Awolowo, shi kuma Awolowo aka hana shi damar mayar da martani. Da tsarin mulkin 1954 ya bai wa jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai nasu, sai kowa ya nemi bakinsa. Enugu ta buɗe tata a 1960. Arewa ta biyo baya a 1962, zamanin Sardauna, da Rediyo Talabijin Kaduna, tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Jos ce ta fara haska hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Sai soja suka tattara tashoshin gaba ɗaya a 1977 suka mayar da su NTA, kowa ya koma jiran labaran ƙasa na ƙarfe tara daga Legas.

Baba ya fi jin daɗin labarin jamhuriya ta biyu. Tsarin mulkin 1979 ya sake buɗe wa jihohi ƙofa, gwamnonin da ba na jam'iyyar NPN ba kuwa suna ganin talabijin ɗin tarayya ta Shagari ce da mutanensa. Gwamna Jakande ya kafa tasa a Legas. A Kano, Abubakar Rimi na PRP ya kafa jaridar Triumph da tashar CTV, wadda bayan rasuwarsa a 2010 aka mayar da sunanta ARTV don tunawa da shi. 'Yan kasuwa ba su sami izini ba sai bayan dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC, zamanin Babangida.

Ina saurare ina tunanin takardun gayyatar da safe. Mukan zauna muna gunaguni cewa labaran tashar jiha sun zama kundin zirga-zirgar gwamna, kamar wani sabon ciwo ne ya kama mu. Ashe da shi aka zo. Kowace tasha a jerin nan wani mai mulki ne ya gina ta don a ji muryarsa, kuma shi ke biyan albashi da kuɗin man janareta. Abin da ya sa mutane suka riƙe su, a ganina, shi ne abin da ya ɓuɓɓugo a gefe: wasannin kwaikwayo na Hausa, tafsirin azumi, hawan salla, labarai da harshen da tsohuwa za ta fahimta ba tare da jika ya fassara mata ba. Na faɗa wa Baba haka. Ya kurɓi shayi ya ce a zamaninsu gida ɗaya mai talabijin ya ishi layi guda, yara a zazzaune a tabarma tun kafin a buɗe tasha da yamma, suna kallon allon gwaji kamar wani abin kirki.

Ya bar mini kaset ɗin ya tafi sallar azahar.

Ƙarfe uku rahotanni suka fara shigowa, duka da Turanci, kamar kullum. Nan ne aikina yake. Wanda bai taɓa yi ba yana ɗauka fassara musanya kalma ce. Matsalar lokaci ce: abin da Bature zai faɗa a daƙiƙa talatin, Hausa mai daɗin ji sai ta ci arba'in, hoton kuwa an riga an yanka shi daidai da Turancin. Ko dai mai karatu ya yi gudu kamar ana binsa, ko hoto ya ƙare a bar shi yana magana a kan fuskar kwamishina da ta daskare. Saboda haka yanka nake yi. Rahoton taron ƙara wa juna sani yana da "ya jaddada" uku, "ya yi kira ga" biyu, "ya buƙaci" biyu. Na karanta shi sau biyu ina neman abin da ya faru, ban samu ba. An dai taru, an ci abinci.

Yarinyar ta dawo huɗu ta wuce, takalminta a hannu. Muka zuba hotunan a kwamfuta. Rabin farko duk rawa yake yi, amma daga tsakiya ta nutsu. Akwai wani hoto da na mayar baya har sau uku: katako biyu a kan rami, ruwa ja yana gudu a ƙasa, wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta goya ƙaninta, ta cije leɓe, allonta a ka, tana taka katakon a hankali. Babu wanda ya ce mata ta yi. Sai wani mai sayar da itace da ya yi magana daƙiƙa goma sha biyu, babu zagi, babu roƙo, ya ce wannan ne karo na biyu, kuma tun bara suka kai takarda. Na rubuta rahoton da Hausa kai tsaye, na sa ta ɗora murya da kanta. Sau huɗu muka maimaita saboda tana haɗiye ƙarshen jimla. Ya tashi minti ɗaya da rabi.

Na kai wa Yallaɓai jerin labarai, kwalbati a na biyu. Na san ba zai zo na farko ba, ban ma gwada ba. Ya ɗauki jan biro.

"Kana so a kira ni cikin dare?"

"Ranka ya daɗe, ba mu zagi kowa ba."

"Kun ji ta bakin ma'aikatar ayyuka?"

A nan ya kama ni, kuma da gaskiyarsa. Mun kira sau uku ba a ɗauka ba. Ya ce to a faɗi haka a ƙarshen rahoton, a rage shi zuwa daƙiƙa hamsin, a sa shi na shida, bayan taki. Na yi ciniki kamar a kasuwar shanu, na samu ya bar mini hoton yarinyar da muryar mai itace. Ba na jin haushinsa sosai. Ya ga editoci biyu da aka mayar ma'ajiyar kaya saboda abin da bai kai wannan ba.

Bakwai saura minti huɗu aka ɗauke wuta. Ɗakin sarrafawa ya yi duhu, sai fitilun wayoyi, darakta yana salati, ana jin mai janareta yana fama a bayan gini. Ya tashi saura minti ɗaya. Allon da rubutu ke gudu a kai bai gama farfaɗowa ba, Hajiya mai karatu ta gyara ɗankwali ta ɗauki takarda, ta karanta kanun labarai kamar babu abin da ya faru. Shekara ashirin tana wannan kujera. Ziyarar ban girma ta ci minti huɗu. Da aka zo na shida, na waiga na ga yarinyar a tsaye a bakin ƙofa, hannu biyu a baki, tana sauraren muryarta.

Kafin a kai ga labarin wasanni wayarta ta fara ƙara. Mahaifiyarta, sai ƙawaye, sai wani daga gidan mai unguwa yana tambaya ko za a maimaita da dare, don su ba su da wuta. Yaron da ke kula da shafinmu na Facebook ya ce zai ɗora shi, na ba shi cikakken na minti ɗaya da rabi, na ce in an tambaya ya ce ni ne.

Na dawo gida tara ta wuce. Maiɗakina ta ce ba ta kalla ba, tana can kan wani shiri a Arewa24, na ce ba laifi. Kaset ɗin Baba yana cikin jakata, na manta ban ajiye shi a ofis ba. Na fito da shi na ɗaga murfin gaban da yatsa: zaren bai yi rima ba, sai dai ɗan lanƙwasa a gefe. Gobe da safe zan kira wani tsohon abokin karatuna a Kaduna in ji ko sun san mai injin da ke juyawa. Sai kuma ma'aikatar ayyuka, karo na huɗu.