Godiya bayan jinyar Hajiyarmu a Kuala Lumpur

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun sauka Kano lafiya, kuma da ƙafarta Hajiya ta shiga gida. Na ga ya kamata in fito fili in yi godiya, don wasu da suka tsaya mana ko lambar wayarsu ba ni da ita.

Ƙanena ne yake digiri na uku a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Matarsa ta haihu, haihuwar fari, Hajiya ta ce ko bangon duniya ne sai ta je ta ga jikanta. Aka yi suna lafiya. Muka yi salla a Masjid Jamek, inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, ta ga tagwayen benen Petronas masu hawa 88 ta yi ta salati.

Muna kwana 10 zazzaɓi ya kwantar da ita, da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai har cikin ido. Mun ɗauka maleriya ce. Har na ɗauko ibuprofen daga jakata, sai maƙwabciyarsu, wata dattijuwa 'yar ƙasar da muke ce wa Makcik, wato gwaggo a yarensu, ta riƙe min hannu tana girgiza kai tana cewa "denggi". A motarta muka tafi asibiti. Can likita ya tabbatar zazzaɓin dengue ne, wanda sauro mai cizo da rana yake kawowa. Ya ce ba shi da takamaiman magani sai ruwa da paracetamol da sa ido, kuma ibuprofen da aspirin suna iya jawo zubar jini. Jikina ya yi sanyi. Ya ƙara da cewa lokacin da zafin jiki ya sauka shi ne lokacin haɗari, lokacin da mu a gida za mu ce an samu sauƙi.

Kwana 5 muka yi a asibiti, kullum ana ɗibar jini.

Makcik, ba za ki iya karanta wannan ba, amma na sa ƙanena ya fassara miki. Kullum da safe sai kin zo da faten shinkafa da ruwan kwakwa, ki zauna gefen gado kina ja mata addu'a. Ke ba Hausa, ita ba Malayanci, amma kun fahimci juna. Terima kasih, wato na gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Surukata, da ɗanyen jego kika riƙa dama wa Hajiya kunu da garin da muka kawo miki tsaraba. Allah Ya raya mana yaron nan. Ɗaliban Najeriya da suka raba kwana a asibiti don in samu in runtsa, da ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da mu, da 'yan uwa na gida da ke kira cikin dare saboda tazarar awa 7 da ke tsakaninmu, Allah Ya biya ku.

Hajiya tana gaishe ku. Har yanzu jikin ba ƙarfi, don haka masu son zuwa dubiya a daure a bari sai bayan la'asar.