Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gidanmu mai taya a kan dutsen Mambila

Makon jiya na tsaya a inda maigidana Malam ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki ya sayo tsohuwar bas ɗin nan ƙirar Coaster. Da yawanku kun tambaya ko da gaske a cikinta muke kwana. Da gaske ne. An cire kujeru duka ban da na gaba, kafinta ya kafa mana gado a can baya, aka ɗaure durom ɗin ruwa a bayan kujerar direba, aka ɗora farantin sola a rufi domin fitila da cajin waya. Labulayen ni na ɗinka su da kekena.

Ranar da Yaya Abu ta zo ganin motar ko shiga ba ta yi ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta leƙa, ta ce, "Macen kirki ba ta kwana a kan taya." A gaban matar ɗana ta faɗa, jikoki na tsaye. Ni da na yi jinyar Inna har ta cika a hannuna, ita tana can gidanta. Ban tanka ba, yayar miji ce, amma maganar ta zauna mini a ƙirji har yau.

Abin da ba ta sani ba, alkawari Malam yake cikawa. A 1983, da cutar bushiya ta shigo tana kwasar shanu, an tura shi Mambila yin allurar rigakafi, lokacin ana jihar Gongola, ba a ƙirƙiro Taraba ba sai a 1991. Ina da goyon Hauwa ya tafi. Da ya dawo bakinsa bai rufu ba da labarin ƙasar da ba zafi, ba ƙudan tsando, shanu na kiwo a kan tudu ciyawa har gwiwa. Ya ce in Allah ya ba shi rai sai ya kai ni na gani da idona.

Ta Gombe muka bi, muka ƙetare Binuwai a Numan, muka kwana Jalingo, sannan Bali da Serti. Duk wannan ba abin faɗa. Abin faɗa yana Mayo Selbe, gindin dutsen. A nan direbobin manyan motoci suka kewaye mu suna kallon gado a cikin bas. Wani dattijo a cikinsu ya duba lagireto da kansa, ya ce, "Alhaji, giya ɗaya za ka sa, kada ka yi gaggawa. Ranar saukowa kuma kada ka dogara da birki, zai yi zafi ya ƙi kamawa, giya za ta riƙe ka." Ya ba mu waiji na katako kyauta. Hanyar tana nannaɗe dutsen, kwana bayan kwana, hagu bango, dama rami wanda ban yarda na leƙa ba. A tsakiyar hawan injin ya yi zafi. Malam ya tsaya, ni na sauka da zanina na cusa waijin a bayan taya, muka jira ya huce kafin a ƙara ruwa. Hannuna na rawa, bakina na Hasbunallahu. A wannan lokacin ma maganar Yaya Abu ce ta faɗo mini, na ce a raina da ta zo ta ga abin da mace ke yi wa mijinta a kan taya.

Da muka kai Maisamari sai iska ta sauya. Tudun ya kai kamar mita 1,600 sama da teku, kuma jiki ne ke fara gaya maka. Ruwan alwalar asuba sai na ɗumama shi a kan gas. Wanki ya wuni a igiya bai bushe ba saboda hazo. Wake kuwa na sha wahalarsa, ga ruwa na tafasa amma ya ƙi nuna da wuri, sai Malam ya bayyana mini cewa a kan tudu ruwa na tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba. Daga nan na koma jiƙa shi tun dare.

A Kakara na ga gonar shayi, an aske kan bishiyoyin daidai wa daida kamar an shimfiɗa koren bargo a kan tsaunuka. Shekara da shekaru ina dafa shayi ban taɓa tunanin a ƙasarmu ake noman ganyensa ba. Amma inda zuciyata ta fi zama shi ne wata ruga kusa da Nguroje. Mai rugar ya gane Malam, domin yana saurayi lokacin da aka yi wa shanun mahaifinsa allura. Ya rantse ba za mu ƙara gaba ba. Muka ajiye motar a gefen garke. Kullum da sassafe matarsa za ta ƙwanƙwasa gilashi da ƙwaryar madara mai ɗumi, ta shigo ta zauna a bakin gadona, ita da guntuwar Hausarta, ni da guntun Fillancina. Ba ta taɓa yi mini kallon marar gida ba. Da rikicin 2017 ya tashi a yankin, Malam ya kwana yana neman lambarsu. Sun tsira da rai, amma dukiya ta tafi.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. A zaman makoki, tun ba a yi sadakar uku ba, Yaya Abu ta ce da ya sayi fili da kuɗin nan da marayu sun samu abin gado. Waɗanne marayu? 'Ya'yana duk da aurensu da aikinsu, kuma ba wanda ya taɓa kuka da abin da ubansa ya yi da guminsa. Mutumin nan ya yi wa gwamnati aiki har ƙarfinsa ya ƙare, ya ɗauki matarsa ta sunna ya kai ta inda ya yi mata alkawari. A cikin motar nan muka yi salla, muka yi girki, muka karɓi baƙi, ya kai ni har Gembu na sa ƙafata a ruwan kogin Donga.

Motar tana nan a ƙofar gida, na rufe ta da tamfal. Yadda aka so a sa ta cikin rabon gado a sayar, da abin da Hauwa ta tashi ta faɗa a gaban kawunnanta, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.