Tsawon bai canza ba, amma kibiyar ta juya

A shekarata ta biyu a jami'a, a wani gwajin lissafin vekta (adadin da ake zanawa da kibiya), an ba mu r(t) = (cos t, sin t), aka ce mu faɗi ko wannan vekta tsayayye ne, wato ba ya canzawa yayin da t ke tafiya. Nan take na lissafa tsawonsa. Kowane t ka saka, cos² t da sin² t in sun haɗu 1 suke bayarwa. Sai na rubuta "tsayayye ne", na ja layi a ƙasa, hankalina kwance. Da takardar ta dawo, ko maki ɗaya ban samu a tambayar ba.

Abin ya tsaya mini a rai, har na bi malamin ofishinsa. Na ce, "Malam, ai tsawon 1 ne kullum." Bai tanka ba tukuna. Ya kwantar da biro a kan tebur, ya danne gindinsa da yatsa, bakin yana kallona. Sannan ya tura bakin a hankali har ya fuskanci taga. Ya ce, "Biron ya ƙara tsawo?" Na ce a'a. Ya ce, "To, har yanzu kai yake nunawa?"

A nan na gane inda na kauce. Vekta abu biyu yake ɗauke da su, tsawo da alkibla, ni kuwa ɗaya na duba na yanke hukunci. Wanda aka ba mu kibiya ce da ke zagaya da'ira kamar hannun agogo, sai dai ita juyin hagu take yi.

Hanyar da ba ta yaudara ita ce a nemo ma'aunin sauyinsa, dr/dt, wato yadda yake canzawa yayin da t ke tafiya, sashe bayan sashe. In duk sassan sun ba da sifili, vekta tsayayye ne. Namu ya ba da (−sin t, cos t), wanda babu lokacin da sassansa biyu suke zama sifili tare. Kuma sifilin nan dole ya kasance a duk tsawon lokacin da ake magana a kai. Ɗauki (t², t³): ma'aunin sauyinsa sifili ne a t = 0, amma da ka matsa kaɗan ya kama hanya.

Abin da ya fi burge ni daga baya shi ne, lissafin da na yi a gwajin ba banza ba ne, amsar wata tambaya ce daban. In tsawo bai canzawa, r·r, wato tsawon ninke da kansa, shi ma bai canzawa, kuma in ka nemo sauyinsa za ka samu r·(dr/dt) = 0. Ma'ana, kibiyar da sauyinta sun yi kusurwar digiri 90. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya ga wannan da idonsa. Igiya na miƙe daga hannu zuwa dutse, amma da ka saki, dutsen ba ya bin layin igiyar, gefe yake cillawa. Ita kuma alkibla da ninkin gicciye ake gwada ta, wato ninkin vekta biyu da ke ba da sifili in suna kan layi ɗaya: in r × (dr/dt) sifili ne, kibiyar na iya miƙewa ko ta gajarta, amma ba ta juyawa. Sai sharuɗɗan biyu sun cika tare kafin a ce vekta bai motsa ba.

Tun daga lokacin, ko a mota nake ina ganin abin. Direba ya shiga shataletale, allurar gudu na tsaye a kan kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa. In daga tsakiyar shataletalen zuwa motar mita 20 ne, v²/r, wato gudun ninke da kansa a raba da wannan nisan, zai ba da saurin sauyin vektan gudu, 5 m/s², kusan rabin jan da duniya ke yi mana. Shi ya sa fasinjoji ke karkata suna matse na bakin ƙofa, alhali allura ba ta ko girgiza ba.

Tarkon da ya fi wannan ɓuya a darasin makanikai na haɗu da shi. Mun saba da i, j da k, kibiyoyi masu tsawon 1 da ke nuna alkibla uku, waɗanda ba sa juyawa, sai ido ya saba cewa in lambobin gabansu ba su canza ba, shi ke nan. A tsarin da'ira kuwa, in aka rubuta 5r̂, lambar 5 tana nan daram, amma r̂ kansa, wato kibiya mai tsawon 1 da ke nuni daga tsakiya zuwa abin da ke zagayen, yana juyawa tare da shi. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sosai suna ɗaukarsa kamar i, sakamakonsu duka ya rushe, kuma ba rashin iya lissafi ba ne.

Akwai kuma tambayar da yanzu nake fara yi kafin in taɓa biro: da me ake cewa bai canzawa, da lokaci ko da wuri? A ɗakin gwaji muna ɗaukar g, wato jan duniya, tsayayye, 9.8 m/s² zuwa ƙasa, kuma ya wadatar. Amma "ƙasa" tana nufin wajen tsakiyar duniya. Dutsen da aka saki a Kano da wanda aka saki a Landan, tsakanin alkiblar faɗuwarsu akwai kusan digiri 40.