Gidan da na saya cikin kwana uku

Ƙannena masu shirin mallakar gidan farko, ga labarin nawa, don ba na so ku bi ta inda na bi.

Ina da shekara 31 na sayi gida, kuma kunya ce ta tura ni. Sa'o'ina sun fara shiga nasu, ni kuwa duk shekara mai gida yana ƙara mini kuɗin haya. Da dillali ya ce akwai mutum biyu da ke zawarcin gidan, cikin kwana uku na ajiye kafin alƙalami. Sau ɗaya tak na gan shi, da rana tsaka, yana ƙyallin sabon fenti. Ruwan sama na farko ya tona abin da fentin ya rufe. Gidan a kwari yake, duk ruwan layin nan yake taruwa, bango ya sha laima har gwiwa, rufin ɗaki biyu yana yoyo. Maƙwabta duk sun sani, ni ne ban tambaye su ba. Dillali la'adarsa yake nema, sai ciniki ya faɗa yake samu, don haka kada ku ɗora masa aikin duba muku aibi. Ku ɗauki injiniya ko gogaggen magini da kuɗinku, ya duba harsashi da rufi da wayoyin lantarki da magudanar ruwa. Ku koma da daddare, ku koma bayan an yi ruwa.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne takardu. Gidan na gado ne, kuma wanda ya sayar mini ɗaya ne cikin magada biyar. Ya nuna mini takardar mallaka mai sunan mahaifinsu, ya rantse 'yan'uwansa sun yarda, na karɓa. Bayan wata takwas biyu daga cikinsu suka yi mini sallama, suka ce ba da yawunsu aka yi ba. Gaskiya ce suka faɗa, kuma haƙƙinsu ne. Shekara biyu muna kai da komo kafin a sasanta, sai da na ƙara kuɗi a kan gidan da na ɗauka na gama biya. Na ƙi ɗaukar lauya tun farko don ina ganin ɓarnar kuɗi ce, ga shi na biya ninkin ladansa sau da yawa. Takardar da mai sayarwa ya miƙo muku ba ta isa hujja ba. Akwai ofishin hukuma da ke riƙe da rajistar filaye, can za a je a tabbatar da sunan wa ke kan gidan, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai shari'a a kansa, ko hukuma na shirin fitar da hanya ta wurin. A kawo safiyo ya auna iyaka. In na gado ne, kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu. Sannan a mayar da sunan ya zama naku nan take, kada a ce sai an huta.

Rabin kuɗin rance na ci, ban kuma zauna na lissafa ba. Ku yi wannan lissafin yau: in ka ranci 100 a kan ruwa kashi 10 cikin ɗari na shekara 20, abin da za ka biya gaba ɗaya ya kai kusan 232. A shekarar farko za ka zuba wajen 11 da rabi, amma abin da zai ragu daga uwar kuɗin bai kai 2 ba, sauran duk ruwa ne. Ranar da na gane haka jikina ya yi sanyi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da hanyoyi irin su murabaha, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko musharaka, inda kake sayen kason banki kaɗan-kaɗan. Ko a nan ɗin, ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, kuma ka tambayi me zai faru in ka gaza wata uku a jere.

Na kuma kwashe duk ajiyata na zuba, na manta da la'ada, haraji, kuɗin rajista da gyara. Na shiga gida aljihu wayam. Yanzu ba na ba kowa shawarar saye sai yana da abin da zai riƙe iyalinsa wata shida a gefe.

Bayan shekara biyar na sayi na biyu don haya, ina jin mutane na cewa ƙasa ba ta faɗuwa. Tana faɗuwa. A Amurka farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumban 2008. A Japan farashin filaye ya fara sauka a farkon shekarun 1990, ya shafe fiye da shekara goma yana sauka. A Sin kuwa mutane sun biya kuɗin gidajen da ba a gama ginawa ba, kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, suka zauna jiran gini. Duk wanda zai biya kuɗin gidan da yake a kan takarda ya tuna da su.

Nawa kuskuren ƙarami ne a kan nasu, amma ya yi mini ciwo. Na raba kuɗin hayar shekara da farashin gidan, na ga kashi 8 cikin ɗari, na yi murna. Ban cire watannin da gida zai zauna babu kowa ba, ban cire fenti da famfo da haraji ba, ban yi tunanin ɗan hayar da zai riƙe kuɗi wata shida ba. Da na zauna da littafi a ƙarshen shekara ta uku, abin da ya rage bai kai kashi 4 ba, ruwan bashin da na ci ya ninka shi. Ashe daga albashina nake ciyar da gidan. Da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya na nemi sayar da shi, sai da ya yi wata 14 kafin a samu mai saye, jinyar kuwa ba ta jira ba. Bashi na sake ci.

Bara ƙanwata ta tashi sayen nata, ta nemi in raka ta. Wata bakwai muka yi muna dubawa. Mun bar gida biyu da ta ƙwallafa rai a kansu, ɗaya saboda tsagewar da magini ya gano a harsashi, ɗaya saboda lauya ya tarar an jinginar da shi. Ta yi kuka a kan na biyun, har ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata. Na ukun da ta saya ya fi su ƙanƙanta, ɗaki biyu ne, amma sunanta ne a rajista, kuma ajiyarta ta wata shida tana nan ba ta taɓa ba.