Godiya ga waɗanda suka riƙe mana yaro har ya zauna Shahada

Assalamu alaikum. Sakamakon Shahada, wato jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, ya fito, yaron gidanmu ya ci, da nisbar maki da za ta kai shi jami'a. Alhamdu lillahi. Ku yi mini uzuri, ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba, amma waɗanda suka san mu sun san shi.

Yana ajin ƙarshe na sakandare a Wad Madani, saura 'yan makonni su shiga jarrabawa, yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Aka ɗage. A Disambar wannan shekarar muka baro Madani da kayan jikinmu, muka sauka Gadarif. Littattafansa suna can kan taga, har da wanda ya bar alƙalami a ciki.

Godiyata ta farko ga yayana, kawunsa. Da lokacin yankan riɗi ya zo, yaron ya ga sa'o'insa suna fita gona suna dawowa da kuɗi, ya ce shi ma ya haƙura da karatu. Ni kuwa ban musa ba, kada in ɓoye, don gida babu. Kawunsa ya zaunar da shi ya ce, "Riɗi badi ma za a yanka. Kai dai ka ba ni wata uku." Yaron ya ce, "Kawu, da wane littafi?" Washegari sai ga Yaya da tsohuwar wayarsa, gilashin a fashe, cike da hotunan shafuka da ya roƙo a WhatsApp. Yaya, Allah ya biya ka da Aljanna.

Sai ustazu mai fiziya, ɗan gudun hijira kamar mu, wanda ke tara ɗalibai a gindin bishiya bayan asuba, tunda makarantar unguwar cike take da iyalai masu kwana a azuzuwa. Da gawayi yake rubutu a bayan ƙofar kwano. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Shi ne kuma ya raba mana gardama. Darasi bakwai ake rubutawa: Larabci, Turanci, addini da lissafi dole ne, ɗan ɓangaren ilmi, wato sayans, ya ƙara fiziya da kimiya, wato kemistiri, sai na bakwai da ya zaɓa. Namu ahya ya ɗauka, wato ilmin halittu, don haka babansa ya ƙulla a ransa likita zai zama, shi kuwa yaron aikin gona yake so. Ustazu ya ce, "Alhaji, kana zaune a Gadarif, rumbun dawar Sudan, kake raina karatun noma?" Babansa ya yi dariya, daga nan bai ƙara tayar da maganar ba. To, sau ɗaya dai ya ƙara.

Ina gode wa mai shagon da ke caja mana wayar da sola kyauta, da maƙwabciyarmu mai shayi da ta riƙa ajiye masa kofi da ƙosai, da ƙanwata a Maiwurno da ta yi ta bibiya har lambar zamansa ta jarrabawa ta fito. Ranar 28 ga Disamba, 2024, bayan jira na shekara ɗaya da rabi, ya sa rigar aro ya tafi. Na tsaya bakin ƙofa har ya sha kwana.

Akwai 'yan ajinsu da ba su samu zama ba, wasu suna inda hanya ta yanke, wasu ba mu san inda suke ba. Ku sa su cikin addu'a. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Yanzu saura cike takardar neman jami'a ta intanet, a jera zaɓi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ɗansa ya karanta noma a Jami'ar Jazira ko ta Gadarif, don Allah ya neme mu kafin a buɗe. Juma'a bayan la'asar kuma akwai ɗan shayi a gida. Ustazu, kai ba gayyata muke maka ba, Yaya zai zo ya ɗauko ka.